Farautar Lumshi Daga Salaga Zuwa Bawku

Ni mai ɗaukar hoto ce, kuma abin da mutane suka ƙi yarda da shi a sana'ata shi ne rana ba ƙawarmu ba ce. Duk bikin da na je a zangon Yendi, da zarar gari ya yi lumshi sai uwar amarya ta fara ba ni haƙuri, wai yau Allah bai ba mu haske ba. Ni kuwa murna nake yi a raina. Idan rana ta take ka tsayar da mace baƙa mai farin mayafi, ɗayan biyu ne: ko fuskar ta fito mayafin ya ƙone fari fat, ko mayafin ya fito fuskar ta zama duhu, idanu sun shige rami, goshi yana ƙyalli kamar an shafa masa man kaɗe. Ranar da gajimare ya rufe sama baki ɗaya kuwa, haske yakan sauko a hankali ta ko'ina, babu inuwa, babu mai runtse ido, launin atamfa ya fito yadda mai ita ta gan ta a shago. Na gaji da wannan bayani tun tuni. Yanzu sai in ce musu su tsaya kawai, su daina kallon sama.

Mahaifiyata da ƙannenta su uku ne mata a wurin iyayensu. Mahaifiyata, da muke kira Mma, ita ce babba, aure ya bar ta a Salaga inda aka haife su. Mai bi mata tana Yendi, a hannunta na zauna lokacin da nake koyon aiki, muna ce mata Inna. Ƙaramarsu tana Bawku, kowa Auta yake ce mata, mu 'ya'ya kuma Mma Auta. Mace ce mai jiki da murya, tana cinikin albasa da hatsi har tsallaken iyaka, idan ta yi dariya a zaure sai an ji ta a bayan gida. Rabon su uku su zauna wuri ɗaya tun bikin ƙanena, wanda yanzu 'ya'yansa har sun shiga makaranta. A bikin ne suka yi yayi, wato atamfa iri ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye, kowacce kuma ta ninke tata ta sa a ƙasan akwati da kafur.

A shekarar da nake magana idon Mma ya fara tafiya. Likita a Tamale ya ce ba yana ba ce da za a cire, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa jinkiri kawai zai kawo. Idan rana ta fito komai fari take gani, sai ta sa hannu ta kare fuska ta koma ɗaki. Ranar lumshi ce kawai take iya zama a tsakar gida ta bambance fuskar mutum da ta wani.

A irin wannan rana ce ta ce mini, “Ina so in gan mu mu uku a kan bencin Baba, kafin abin nan ya rufe.”

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, zan ɗauki shatar mota, mu biya Yendi mu ɗauki Inna, mu wuce Bawku. Benci dai ko'ina akwai shi, ba sai na mahaifinsu ba.

Ta ce, “Ni ce babba. Babba ba ta bin ƙarama gida. Ita ta zo.”

Mma Auta kuwa kullum zuwa take yi, a waya. Bayan Sallah, idan albasa ta ƙare, idan hanya ta yi daɗin bi. Sallah ta zo ta wuce, albasa ta ƙare wata ta shigo. Na faɗa wa Mma gaskiya cewa girman nan da take riƙewa zai cinye mata ɗan ganin da ya rage. Sai can ta ce, “Ba ke ce kika haɗa angon nan da ke Turai da amaryarsa a hoto ɗaya ba, har uwarsa ta rataye a falo? To haɗa mu.”

Ta kafa sharuɗɗa. Kowacce ta sa yayin bikin nan. Ita a tsakiya, Inna a damanta, Auta a hagunta. Kuma Auta ta ɗora hannu a gwiwarta kamar yadda take yi tun tana yarinya, hannun da ke da zoben mahaifiyarsu. Wannan zobe na azurfa tsohuwar magana ce a gidanmu. Mma ta so a ba ta shi, aka ba Auta, alhali saboda ƙibarta bai shiga ko'ina ba sai ƙaramin yatsa, shi ma sai da sabulu. Mma ba ta taɓa barin zancen ya mutu ba.

Haɗa hoto a kwamfuta ba wuya, haske ne ke tona asiri. Idan na ɗauki mutum uku a gari uku cikin rana, inuwar kowacce gefenta za ta faɗi, ko yaro ya kalla zai ce wannan haɗi ne. Inuwar baranda ma ba ta yi, na sha gwadawa: haske ta gefe ɗaya yake shigowa, fentin bango kuma ya rina rabin fuska. Ƙarƙashin mangwaro sai mutum ya fito kore-kore. Abin da nake bukata shi ne farin gajimare shimfiɗe, ba baƙin hadari mai duhu ba, kuma iri ɗaya a Salaga da Yendi da Bawku. Daga ranar na zama mai kallon sama fiye da manomin doya.

Salaga ba ta ba ni wahala ba, damina takan riga sauka a can. Na jawo bencin Baba jikin bangon tsakar gida, na shimfiɗa farin zane a ƙasa gabansa don ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa, na saita kyamara yadda sama ba za ta shigo hoton ba, don farin sama cinye hoto yake yi. Na ɗauki igiya na yi mata ƙulli uku: tsayin benci, tsayin kyamara, da nisan da ke tsakaninsu, don in maimaita a sauran garuruwan. Rigimar ɗaya ce, fito da atamfar.

Mma ta ce, “Ke ba ki ga gari ba? Zanen nan bai taɓa ganin ruwan sama ba, ba kuma a kanki zai fara ba.”

Sai da na ajiye lema buɗe kusa da ƙafarta sannan ta yarda ta sa. Ta zauna a tsakiyar benci, wuri fanko a dama, wuri fanko a hagu, ta ɗan jawo gwiwar hagu waje don hannun da za a ɗora. Da na duba ta cikin kyamara sai tausayinta ya kama ni, na yi sauri na danna kafin idona ya cika.

A Yendi na gane cewa wannan tsoron ruwa ciwon gado ne. Inna takan kira ni da hantsi rana ƙwal, ta ce ta yi wanka ta sa yayi ta zuba kwalli, in zo maza. In ce mata ba yau ba. Ranar da gari ya yi lumshi in ɗauko babur a guje, in tarar ta riga ta tuɓe, ta ninke, ta rufe akwati, tana kwashe shanya. Muka yi ta wannan zagaye har na fara jin haushin kaina. Wata safiya na je na zauna mata a ƙofar ɗaki, na ce ba na tashi, ba na cin koko, ba na shan ruwa sai ta sa. Ta zage ni tas, ta ce tun ina ƙarama taurin kai ne ya hana ni yin ƙiba. Ta sa. Muna gamawa yayyafi ya fara, ta kwasa da gudu irin wanda ban san gwiwoyinta na iyawa ba.

Saura Bawku, kuma can sama ba ta da alkawari. Gajimare yakan taru da safe, kafin a gama karyawa iska ta kwashe shi. Na roƙi matar ɗan Mma Auta, wadda ke zaune da ita, ta riƙa duba mini sama. Wata rana da asuba ta kira ta ce gari ya rufe tun jiya. Na ɗauki jaka na bi ta Gushegu. Hanyar ta jiƙe, mota ta kafe a taɓo, muka fito muka tsaya a gefe ana turawa, ni ina kallon lumshi mai kyau yana lalacewa a kan gonakin mutane. Da muka shiga Bawku rana ta buɗe, har kwanon rufin kasuwa yana kashe ido. Mma Auta kuma wai ba ta nan, ta tsallaka iyaka sayen kaya. Matar ɗan ta faɗa mini haka tana kallon ƙasa. Ƙofar ɗakin tsohuwar a rufe take, takalmanta suna bakin ƙofa, amma haushin rana ya hana ni tunani. Na kwana na juyo.

Ina komawa Mma ta kira. Ba ta tambayi hoto ba. Ta ce maƙwabciyarta ta shigo da safe, ba ta gane ta ba sai da ta yi magana. Na kasa zama. Na soke aikin suna biyu, na riƙa buɗe hasashen yanayi a waya kamar mai jiran saƙon saurayi, shi kuma yana yi mini ƙarya iri-iri. Ko tuwo nake tuƙawa sai in bar shi in fita in ɗaga kai.

Zuwa na biyu ban gaya wa kowa ba. Na bi ta Tamale don hanyar kwalta. Tun daga fita gari sama take fara sol, shimfiɗe, irin wadda nake nema. A Walewale direba ya tsaya sayen zabbi, yana ciniki a natse kamar gidansu. Na leƙa ta taga na ce ya yi wa Allah mu tafi.

Ya ce da guntuwar Hausarsa, “Anti, kai kwantar da hankali. Ruwa ba ya zuwa yanzu kora, ko ɗigo.”

Na ce, “Ni ba ruwa nake tsoro ba, rana nake tsoro.”

Ya dube ni, ya dubi sauran fasinja, ya ci gaba da cinikinsa. Bai ma san sama ba, don kafin mu kai Bawku farin ya rikiɗe baƙi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na shiga gidan a jiƙe sharkaf, kyamara a cikin leda a ƙirjina, ban yi sallama a tsakar gida ba na tura ƙofar ɗakin.

Na ɗauka wata baƙuwa ce kwance a gadon. Sai da ta ce, “'Yar nan, haka ake shiga ɗakin mutane?” sannan na gane muryar, ita ma rabinta ce ta rage. Mma Auta ta zube. Kumatu sun faɗa, wuya ya yi tsawo, hannun da ke ɗaga buhun albasa ya koma kamar na yarinya. Ciwon ciki ne ya daɗe yana cin ta, ana ta asibiti, ta hana kowa faɗa. Nan na gane ma'anar bayan Sallah, na kuma gane takalman da na gani a bakin ƙofa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ita tana ce mini in tashi ina jiƙa mata ledar ɗaki.

Ta ce, “Yaya tana fama da idonta, in ƙara mata da nawa? Idan na je ta gan ni haka, abin da za ta rufe ido da shi ke nan. Ki ɗauki hotonki, amma ki gyara ni. Na san kuna yi. Ki cika mini kumatu yadda ta san ni. Kuma ko da wasa kada ki gaya mata.”

Na ce ba daidai ba ne. Ta ce ba ta tambaye ni daidai ba. Na yi mata alkawari.

Daga nan sai rana ta kafe a Bawku kamar da gayya. Kullum in tashi in tarar da sama wankakkiya. Na auna wani benci da igiyata, na sa bulo a ƙarƙashinsa ya kai tsayin na Baba, na ajiye komai a shirye, na yi ta safa da marwa tsakanin ƙofar gida da tsakar gida har matar ɗan ta ce ina sa ta jiri. Tsoro biyu ne a raina, kada idon can ya rufe, kada kuma wannan ta kai inda ba za ta iya zama a benci ba. Mma Auta tana kwance tana kallona ta ƙofa, tana cewa duk zuriyarsu ba a taɓa yin mai roƙon Allah ya ɓoye rana ba sai ni.

Wata safiya na fito na ga babu inuwata a ƙasa. Na koma da gudu. Muka ciro yayi daga akwati, rigar ta yi mata yawa har mutum biyu za su shiga, muka tattare ta a baya muka kama da abin shanya. Muka riƙo ta zuwa benci. Babu abin da zai tsaya a matsayin gwiwar Mma sai wani ƙaramin buhun albasa, na jingina shi daidai tsayin, ta ɗora hannu a kai.

Ta ce, “Yau Yaya ta zama albasa. Da ma tana sa mutum hawaye.”

Ta yi dariya, na danna a daidai lokacin. Lumshi ba ya ɓoye komai, duk ƙashin fuskarta ya fito fili, amma dariyar tata ce ta da. Ban samu na ɗauki da yawa ba gefen gajimaren ya fara yagewa, ita ma ta ce ta gaji.

A Yendi na zauna na yi aikin. Na sa Inna a dama, na sa Auta a hagu, na cire buhu na kwantar da hannun a gwiwar Mma. Hasken ya haɗu sumul, ka rantse rana ɗaya aka ɗauka. Sannan na cika alkawari. Na ciko kumatu, na rage tsawon wuya, na faɗaɗa kafaɗa, har damtsen na ƙara masa nama. Da Inna ta gani ta ce Auta ko tsufa ba ta yi. Na wanke shi babba, mara ƙyalli don kada ya kashe wa Mma ido, na naɗe na kama hanyar Bimbilla zuwa Salaga.

Can ma sai na tarar da rana. Mma ta karɓi hoton a ɗaki ta shafa shi, ta ce duhu ne, ta fito da shi waje ta ce fari ne. Ta ajiye a kan akwati ta ce mu jira. Wannan jiran ya fi duk na baya zafi, don babu inda zan ruga, babu direban da zan yi wa faɗa. Na wanke kwanukan da aka riga aka wanke, na share tsakar gida har ta ce in bar mata ƙasarta.

Da lumshin ya zo, na jawo bencin Baba, ta zauna a tsakiya ta ɗora hoton a cinya. Ta kawo fuskarta kusa da shi sosai. Ta fara da Inna, ta ce kwallin ya yi yawa. Ta dubi kanta ta ce ashe haka ta tsufa. Ta daɗe a fuskar Auta tana murmushi, ta ce har yanzu bakin nan bai iya rufuwa ba. Na ji sanyi a raina, na ce aiki ya yi. Sai ta gangara zuwa gwiwarta, ta tsaya. Ta karkata hoton, ta sake matso da shi.

Ta ce, “Zoben Innarmu a wane yatsa yake?”

Na duba. A na tsakiya yake, an kuma naɗa masa baƙin zare ta ciki don kada ya zame. Na yi ta fama da fuska da wuya, ban ko kalli yatsun ba.

Ta ce, “Ba ke nake tambaya ba?”

Na ce, “A na tsakiya.”

Ba ta tambaye ni komai bayan wannan ba. Ta rufe hannun da ke cikin hoton da tafinta. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, farin saman ya soma yin duhu daga gabas.

Ta ce, “Je ki tasha ki samo mota. Ki kira Innarki ta shirya, za mu biya ta Yendi. Ki ciro mini yayina, da shi zan tafi.”

Na ce, “Mma, hadari ya haɗo. Ruwa zai taɓa shi.”

Ta miƙe tana laluben bango ta ce, “Ya taɓa.”